Jar Mota da Gangaren Badaguishiri

Likitan ido bai ɓoye mini komi ba. Ya haska ƴar fitilarshi cikin idon dama, ya haska na hagu, sannan ya ce in kalli hancinshi, ya miƙa hannu can gefe shina kaɗa yatsu, wai in faɗi sa'ad da na gan su. Ban gan su ba sai da sunka zo kusan gaban fuskata. Ya ce ganina na gefe ne ke rufewa a hankali, kamar ana tsuke bakin buhu, kuma wanda ya tafi ba shi dawowa. Ya tambayi sana'ata. Na ce direba. Ya aje fitilar ya ce, "Ka ce dai ka taɓa yin direba, baba."

Kuskurena guda, da uwargida na tafi. Tana zaune kan benci bakin ƙofa, kunnenta kuwa lafiyarshi lau. Sai da munka shiga gida, ta cire mayafi, ta miƙo mini tafin hannu.

"Mi?" na ce.

"Lakile. Makullin mota."

"Yau ɗin nan?"

"Malam, ka ji abin da mutumen ga ya ce. Ni ban shirya takaba ba, kuma ban shirya zuwa gaisuwa gidan wanda za ka take ba."

Munka yi ciniki kamar na akuya. Ta ce yau, na ce baɗi, munka tsaya kan azumi: ranar da anka ga wata in aje makulli, in bar tuƙi ke nan. Lokacin an gama girbi, azumi na can bayan sanyi. Don kada in musa daga baya, ta aika anka kira taubashina, ɗan gwaggona, tela ne bakin kasuwa, ta sa na maimaita gabanshi. Tun daga zaure ya shigo da dariya.

"Ai ba a yi asarar komi ba," in ji shi. "Keken ɗinkina ya fi shi gudu. Wanga ko da idonshi biyu garau jaki na wuce shi, balle yanzu."

Abin haushi, gaskiya ya faɗa. Tun ina karen mota har na zama direba har gemu ya yi fari, hanya guda na sani, Ƙonni zuwa Tawa, Tawa zuwa Ƙonni. Bas ɗin da na tuƙa duk tsofaffi ne da wasu ƙasashe sunka gaji da su, a cika su da mutane, a ɗaura buhuna sama, a ɗaura awaki bisa buhuna. Kowa ya wuce ni. Motocin ma'aikata sun wuce ni, na soja sun wuce ni, ƴan kabu-kabu masu babur da mutum biyu bayansu sun wuce ni suna ɗaga mini hannu. Bayan motoci na sani. Gabansu sai a tasha.

Kuma ba laifin motar kaɗai ba ne. Masu mota a aune suke ba mu mai, abin da ka rage cikin tanki naka ne, shi ne cefanen gida. Shi ya sa ƙafar direban layinmu ba ta san taka totur ba, shafa shi take yi. Kana tashi ka yi maza ka kai giyar ƙarshe. In ka iso kan gangaren da ke sauka kwarin Badaguishiri kuwa, sai ka cire giya, ka murɗa makulli ka kashe inji, ka sake ta ta gangara da nauyinta. Sai can ƙasa ka jefa giya ka saki kuloci ta tashi. Haka maigidana ya koya mini, haka nashi ya koya mishi. Fasinja ma sun sani. Inda mota ta yi tsit, ka fara jin kukan kaji da tarin tsofaffi, to an zo Badaguishiri.

Abin da nike so kafin a karɓe makullin ba wani babba ba ne, kuma na san na yara ne. Sau guda, kan hanyar nan tawa, in taka mota har ƙasa, in wuce duk abin da ke gabana, in ga fuskarshi cikin madubi.

Akwai wata jar mota da ta daɗe ƙarƙashin dogon yaro bayan gidajen ƴan duwan, wato kwastan. Ta wani ma'aikaci ce da anka canza wa wurin aiki, ya bar ta hannun mai gidan hayarshi ya ce a sai da. Ƴar Japan ce, irin ta tsere, ƙofa biyu, gajeruwa, cikinta kusan manne da ƙasa, fitilunta irin masu buɗe ido su rufe. Kaji sun yi zamani cikinta. Na sai da tsohuwar bas ɗin da na samu a ƙarshen wahalata, tunda ba ni za ni ƙara tuƙa ta ba. Rabin kuɗin na ba uwargida ta cika ɗan shagonta na ƙofar gida, da rabin na saye gidan kajin nan. Da munka jawo ta da igiya, fitila guda ta buɗe, guda ta tsaya rabi. Taubashina ya zagaye ta sau biyu ya ce, "Makaho, ka samo ƴar'uwarka."

Injinta ya mutu murus. Bakaniken da na kai wa, wani matashi ne da ya koyo aiki Sakkwato, sauran kuma cikin waya shike gani, ya ce gyaran wanga ɓata lokaci ne. Ya ce ya san inda wani inji ɗan Kwatano ke kwance, mai turbo, wanda ya fi nata ƙarfi nesa ba kusa ba. Ban san turbo ba. Na sha jin sunan, ina tsammani rubutu ne kawai da ake mannawa bayan mota. Da injin ya iso ya nuna mini ita: wani ƙarfe ne a naɗe kamar dodon koɗi, bai wuce ƙaramar tukunya ba. Ya ce hayaƙin da ke fita shi ke juya wata ƴar farfela ciki, ita kuma ta dinga ɗura wa inji iska, ya ci mai da yawa, ya yi ƙarfi.

"Ya ci mai da yawa," na ce.

"Ai shi ne aikin, baba."

Na ce a sa shi.

Injin ya ƙi shiga. Anka yanke nan, anka yi walda can, anka buga murfin gaba da guduma har ya yi doro. Lagireto na wata babbar mota anka sa, salansa kuwa mai walda ya lanƙwasa daga bututun ruwa. Sanyi ya shigo ya same mu gareji, ya fara fita muna nan. Kullum ina zaune kan tsohuwar taya ina ba da shawarar da ba wanda ya tambaye ni. Na ce mishi birki fa? Ya ce birki na nan yadda ya zo daga Japan, in Allah ya so za a duba. Ba a duba ba.

Ranar da ta tashi, karnukan unguwa sunka watse. Bakanike ya zaunar da ni, ya yanki ɗan jan salatif ya manna kan agogon da ke nuna juyin inji.

"Abu biyu, baba. Turbo barci take sai allurar ga ta wuce nan. In ba ta wuce ba, da ita da babu duk ɗaya. Na biyu, in ka yi gudu kada ka kashe ta da zafi. Ka tsaya, ka bar inji kunne ta huce. Baƙin mai ne ke sanyaya farfelar, kana kashewa mai ya tsaya, ita kuwa tana kan juyawa, sai ta cinye kanta."

"Yaro, ina tuƙi tun ba a yi maka kaciya ba."

"Shi ya sa nike faɗa maka," in ji shi.

Abin da na manta shi ne ni ɗan garin ga ne. Mutumen da ya yi rayuwarshi a layi ba shi fita Ƙonni da mota babu sautu. Fitata ta farko, ban kai bakin kwalta ba innata, ƙanwar mahaifiyata, ta tare ni da sandarta. Tsarnawa za ta, wurin jikarta, da sabon tulu. Na shigar da ita, ta rungume tulun kan cinya ta ce, "Tafi da ni sannu, ɗan nan, wagga kujera kamar kabari." Fita ta biyu limamin unguwarmu ne, za shi gaisuwar mutuwa Malbaza. Wa ke tsere da liman. Ta uku rago ne na wani suna, anka cusa shi ɗan bencin baya, ya yi ta hura mini numfashi cikin ƙeya har munka isa. In na fita da hantsi a gan ni, in na fita da rana a aiko yaro ya tsaida ni. Ga kuma tudun nan da kowane ƙauye ke yi kan kwalta don a rage gudu. Bas na hawa shi ta wuce. Tawa sai na karkace, in hau da taya guda guda, cikinta na gurzar ƙasa, mata masu tallar ƙosai na ba ni hanya da tausayi.

Ko sa'ad da na samu ɗan fili ni kaɗai, ƙafata ta ƙi. Allura na fara hawa, hannuna ya kai giya ta gaba tun ban sani ba, ta koma ta kwanta. Bakanike ya leƙa injin wata rana ya ce, "Baba, turbon ga ko ta san an kawo ta Nijar?"

Haka kwanaki sunka tafi, uwargida na ƙirga watan Sha'aban a baki tana kallona. Sai ga mu ranar da ake sa ran ganin wata.

Na bar motar ta kwana gareji, can bakin gari, don kada kowa ya gan ni. Ana sallame asuba na bi ta gidan taubashina. Shaida nike so, don in na faɗa a fada, majalisarmu ta shan shayi, ni kaɗai ba mai yarda.

"Ina za mu?" ya ce.

"Badaguishiri."

"Yin mi?"

"Dawowa."

"To bari in ɗauko dabino, kila can za mu sha ruwan farko."

Munka fita ta bayan gari kamar ɓarayin shanu. Tsarnawa munka karya arewa, munka gurji tudunsu, munka gurji na ƙauyukan gaba. Rana ta fito ta hannun dama, gefen da ko banza ba gani nike ba. Can gaba hanya ta hau fako, ta miƙe, ba gida ba dabba. Na taka. Allura ta hau, ta kusa jan salatif, hannuna ya tafi giya. Ta faɗo. Na sake, ta sake faɗowa.

Taubashina na kallo. Ya ce, "Wai haka kake yi duk kwanakin ga?" Ya kama hannuna na dama ya maida shi kan sitiyari. Sannan ya ɗora tafinshi kan gwiwata ya danna da duk nauyinshi. "Taka, makaho. Haka ake taka keke ranar jajibirin salla."

Allura ta wuce jan.

Da farko wani ɗan fito na ji, siriri, kamar butar shayi za ta tafasa. Sai kujera ta zo ta bugi bayana. Motar ta duƙa ta miƙe, itatuwan da na sani ɗaya ɗaya, waɗanda na yi shekaru ina gaida su, sunka zama kore kawai. Likita ya ce ganina ya koma kamar leƙe ta bututu. To ranar nan hanya ce kaɗai cikin bututun, kuma ita kaɗai nike buƙata. Wata babbar mota ɗauke da siminti na gabanmu, ban gama tunanin wuce ta ba na gan ta baya. Wata farar motar ma'aikata, irin masu dogon eriya, ita ma. Sannan bas, ta layinmu, da buhuna da awakinta. Na wuce ta na ɗaga ido ga madubi. Ga fuskarta nan, a lotse, fitila guda ɗaure da waya, tana ƙanƙancewa. Ashe haka muke in an dube mu daga gaba. Ban taɓa sani ba.

Hannun tela ya bar gwiwata ya koma riƙon ƙofa. Bakin nan da bai taɓa hutawa ba tun muna yara, salati kawai ke fita cikinshi. Ni kuwa dariya nike, ni kaɗai, haƙora waje.

Sai hanya ta sunkuya, kwari ya buɗe ƙasa da lambunanshi.

Ban yi shawara da kowa ba, ban yi da kaina ba. Ƙafa ta taka kuloci, hannu ya cire giya, ya tafi ga makulli ya murɗa. Tsit. Har wani daɗi na ji, irin na wanda ya iso gida ya cire takalmi. Kunnena na jiran kukan kaji. Abin da ya ji wani ɗan kuka ne can gaba ƙarƙashin murfi, kamar na sauro, shina ja shina ja, sannan wani ƙarar ƙarfe kan ƙarfe, sannan babu.

"Ta mutu?" in ji taubashina.

"Ni na kashe ta."

"Don mi?"

"Mai," na ce.

"Wane mai? Tanki cike shike, kuma gobe ba ka da mota."

Mota kuwa sai ƙara gudu take. Gangaren ga da rarrafe na saba shigarshi, da bas mai nishi. Ban taɓa shigarshi da irin wanga gudu ba. Na taka birki sau biyu ya amsa, na uku ya zama dutse, don inji a kashe ba shi taimaka mishi. Na miƙe tsaye kanshi, na ƙanƙame sitiyari, na kafa bututun idona tsakiyar kwalta. Tunanin in sake kunna ta bai zo mini ba sam, ba haka anka koya mini ba. Sai can ƙasa, inda hanya ta kwanta, na jefa giya na saki kuloci kamar kullum. Ta yi tsalle ta tashi, da wata ƙara kamar an saki cokali cikin turmin injin niƙa. Madubin da na ga fuskar bas cikinshi ya cika da hayaƙi fari mai shuɗi.

Na gangara gefe kusa da wani lambun albasa na tsaya. Ban kashe ta ba. Yanzu na tuna.

Munka zauna, tana tari. Taubashina ya ce, "Ka ga amalanken?"

"Wane amalanke?"

"Tsakiyar gangara, hannun dama. Jaki, da mace da goyo bisa." Ya nuna mini tsakanin babban yatsa da manuni. "Haka ya rage."

Na jira ya yi dariya. Bai yi ba. Ban ga amalanke ba, ban ga jaki ba, ban ga mace ba. Har yau da nike wanga rubutu ban san kalar zanenta ba.

Na kira bakanike a waya. Ya saurari ƙarar ya ce, "Ka bar ta ta huce?" Na ce ga ta nan tana hucewa. Sai ya ce, "Baba, gangaren Badaguishiri?" Na ce shi. Ya ce, "Ni da na manna maka salatif kan agogo, kan makulli ya kamata in manna. Lallaɓo ta, in ta yarda."

Kafin mu juya mutanen Badaguishiri sun gane ni. Gobe ko jibi azumi, kowa na da ɗan'uwa Ƙonni. Anka cika bencin baya da kabeji da tumatir, anka ɗaura buhun albasa bisa but. Ban ce a'a ba, ba ni da bakin cewa. Munka hau gangaren da giya ta ɗaya, hayaƙi na bin mu kamar ana gasa tsire. Taubashina ya zama idona na gefe. "Jaki dama. Yara hagu. Wani tsoho dama, tafiya shike, amma bari ya wuce, sauri gare shi." Kowa ya wuce mu. Bas ɗin nan ma, ta je Tawa ta sauke ta sake lodi, ta cim mana kafin Tsarnawa, muna tsaye muna ƙara baƙin mai, direban ya danna mini oda ya ɗaga hannu.

La'asar sakaliya munka shiga gida. Uwargida na tsakar gida tana tsintar shinkafa. Na aje mata makulli cikin faifan.

"Ai ba a ga wata ba tukuna, Malam."

"Karɓi dai."

Ta dube ni, ta dubi tela, tela ya dubi sama. Ta ɗauka ta ƙulle shi bakin zane, ta ci gaba da tsintarta. Ranar nan ba a ga wata ba ma, Sha'aban ya cika. Kwana guda cur nike da shi cikin alkawari. Ba ta maido mini ba, ban tambaya ba.

A fada taubashina na ba da labarin hayaƙin, kullum da ƙari. Yanzu ya kai inda mutanen Badaguishiri sunka fito da bokitai suna tsammani gobara ce. Maganar mai kuwa, ko yaro na aika sayen sukari sai wani ya ce a kashe inji a gangara. Amalanke ne kaɗai bai taɓa faɗi ba. In wani ya ce ƙarya ne, makaho bai wuce kowa ba, sai ya aje kofin shayi ya ce, "A'a, nan kam ya wuce. Ina ciki. Sai da na yafe wa duk wanda ya ci mini kuɗin ɗinki."

Jar motar na ƙofar gida ƙarƙashin dogon yaro. Uwargida na shanya kuɓewa bisa doron murfin, ta ce ya fi tabarma zafi. Kaji sun koma. Bakanike ya ce ana samun wata turbo Sakkwato, na ce ya bar ta can.

Ina zuwa Tawa karɓo maganin ɗigawa, cikin bas, kujerar gaba in an ga girmana. Yaran yanzu ba su kashe inji a gangara, sun ce motocin ba su so. Zuwan da ya wuce, muna sunkuyawa cikin kwarin, direban ya dube ni ya ce, "Baba, lafiya? Mi kake murɗawa?" Na duba, hannuna ne bisa gwiwa. Na ce ya kalli hanyarshi, kuma ya duba dama, akwai amalanke wani lokaci.